Ɗinkin riga ga shafin farashin hatsi: nazarin wani aiki a Katsina

Wani Alhaji ɗan kasuwar hatsi a cikin birnin Katsina ya shafe shekaru yana tara farashin gero, dawa, masara, wake, gyaɗa da riɗi daga bakin dillalan da ya sani a Charanchi, Mai'adua, Jibiya, Mashi, Bakori da Funtuwa. Duk ranar da wata kasuwa ta ci, kafin la'asar waya ta fara shigowa, sai ya sa 'yarsa ta rubuta ta tura a zauren WhatsApp. Abin ya karɓu har zauren ya cika, tunda WhatsApp ba ya ɗaukar fiye da mutum 1024 a zaure ɗaya, aka buɗe na biyu. Inda abin ya fi ci masa tuwo a ƙwarya shi ne tsohon farashi. In aka tambaye shi nawa buhun wake ya kai a Bakori bara war haka, sai an yi ta jan saƙonni sama, tsakanin gaisuwar Juma'a da katin ɗaurin aure, a ƙarshe ma a haƙura.

Shi ya sa ya biya aka buɗe masa shafin intanet a kan WordPress. Manhaja ce ta sarrafa abin da ake wallafawa: rubutu da alƙaluma suna zaune a rumbun bayanai, mai shafi ya shiga ta ƙofar baya ya ƙara ko ya gyara ba tare da ya iya rubuta kod ba. Matt Mullenweg da Mike Little ne suka fito da ita a 2003, yau kuma sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya a kanta suke. Yadda shafin zai bayyana ga mai karatu kuwa aikin wani tarin fayiloli ne daban da masu sana'ar ke kira theme, mu ce rigar shafi. Tun WordPress 1.5 a 2005 ake iya cire wannan a sa waccan, abin da ke cikin rumbu bai motsa ba.

Abin da aka tarar

Wanda ya fara ɗora shafin ya sa masa wata rigar jarida irin ta ƙasashen waje, wadda ake sayarwa da dala. Shi bai saya ba, ya sauko da ita ne daga wani wuri da ake rabawa kyauta. A kwamfuta kam sai wanda ya gani: hotuna na juyawa a sama, kanun labarai na gudu a layi, ga agogo, ga hasashen yanayin wani gari da ba namu ba. A ƙaramar wayar dillalin da ke tsaye a 'yan hatsi, inda sabis ke zuwa yana tafiya, sai mutum ya gaji da kallon farar fuska ya koma WhatsApp ɗinsa. Farashin kansa an rubuta shi ne kamar labari, sakin layi guda mai ɗauke da lambobi a cakuɗe.

Abin da ya tayar da maganar gyara kuwa, wani abokin cinikin Alhaji ne ya kira shi yana tambaya cikin ladabi ko ya san shafinsa na tallar gidan caca. Can ƙasa, cikin rubutu ƙanana masu launin da ya kusa ɓacewa, akwai mahaɗai zuwa wasu shafukan da Alhaji ko a mafarki ba zai yarda a haɗa sunansa da su ba. Nan ya kira ɗan ƙanwarsa, matashin da ya gama difloma kan ilimin kwamfuta a kwalejin kimiyya da fasaha ta Hassan Usman Katsina, ya ce ya duba. Yaron ya iya HTML da CSS, ya taɓa PHP a aji, wato harsunan kod da ake gina shafi da su, amma bai taɓa gina rigar shafi ba. Shi ne ya kawo mini maganar, na bi aikin daga gefe har aka gama.

A cikin fayil ɗin footer.php na waccan rigar ya tarar da dogon layin haruffa marasa ma'ana, an naɗe shi cikin eval da base64_decode, hanyar da aka saba ɓoye kod ke nan don kada mai dubawa ya karanta. Wani zai ce ai WordPress a ƙarƙashin lasisin GPL yake, raba kod ɗinsa halal ne. Haka ne, amma lasisi bai ba ka tabbacin abin da wanda ya raba ya cusa a ciki ba, kuma rigar da aka samo ta wannan hanya ba ta samun sabuntawa daga masu ita. Araha ba ta ado.

Hanyoyi uku ne a gaban yaron. Ya ɗauko wata riga kyauta daga rumbun WordPress.org, inda ake tantance kowace kafin a saka ta. Ko ya yi 'yar riga a kan wata babba, wato folda ƙarama da ke gadon komai daga uwar, shi kuma ya canza abin da yake so kawai, ta yadda in uwar ta sabunta gyaransa ba zai goge ba. Ko ya fara daga babu. In da makaranta ce ko asibiti ko shagon atamfa, da na ce ya bi ta biyu ya huta, kuma mafi yawan masu zuwa da irin wannan tambaya amsar da nake ba su ke nan. Amma shafin Alhaji abu ɗaya tak yake yi: ya nuna tebur na farashi. Duk rigar da suka gwada ta zo da kaya masu yawa da sai an bi an kashe. Cire abin da ba a so daga aikin wani ya fi rubuta ɗan abin da ake so wahala, don haka ya ɗauki ta uku.

Takarda kafin kwamfuta

Burinsa na farko shi ne shafin gaba. Ya zana shi da hoton hasumiyar Gobarau a sama, ga hoton kawunsa a gefe cikin babbar riga. Na ce ya ajiye wannan, ya je ya zauna kusa da taubashiyarsa, 'yar Alhaji mai rubuta farashin, ranar kasuwa ya ga yadda take aikin, sannan ya tambayi dillalai ta ina suke shiga shafin. Ya dawo da amsar da ta juya aikin gaba ɗaya: kusan babu wanda ke buga adireshin shafin da hannu. Mahaɗa ce ake turowa a WhatsApp, mutum ya danna, ta kai shi kai tsaye kan farashin kasuwa ɗaya ta rana ɗaya. Ya karanta ya fita. Shafin gaban da aka fi kashe wa ado, da yawansu ba su taɓa ganinsa ba.

Ya koma wajen kawunsa da takarda da biro.

"Kawu, in mutum ya danna, me kake so idonsa ya fara sauka a kai?"

"Kuɗin mana, ɗana. Sai sunan kasuwar da ranar, kada ya ɗauka na yau ne alhali na wancan makon ne."

A kan wannan aka tsaya: sunan kasuwa, rana da kwanan wata, sai tebur mai layi uku, hatsi da ma'auni da kuɗi. A ƙasa, mahaɗa zuwa cin kasuwar da ya gabata. Hoton Alhaji ya koma shafin "Game da mu", bayan ɗan ja-in-ja da ba a rasa ba.

Fayil biyu

Ya girka WordPress a kwamfutarsa ta hannu da XAMPP, wadda ke mayar da kwamfuta ƙaramar sabar, wato na'urar da shafi ke zaune a kanta. Ga mai koyo a nan wannan ba ƙaramin abu ba ne: ba ya cin data, ba ya jiran sabis, in wuta ta ɗauke batir na ɗauke da shi, kuma duk ɓarnar da ya yi ba wanda ya gani. A cikin wp-content/themes ya buɗe folda, ya sa fayil biyu, style.css da index.php. Iyakar abin da WordPress ke buƙata ke nan kafin ya yarda riga ce ta tsohon tsari, wato wadda ake rubuta fayilolinta da PHP. A saman style.css ake rubuta sunanta:

/*
Theme Name: Farashi
Version: 1.0
Text Domain: farashi
*/

Da ya kunna ta, shafin ya fito fari fat, ya ɗauka ya lalata wani abu. Ba abin da ya lalace, index.php ne babu komai a ciki. Abin da ke jawo rubutu daga rumbu shi ne zagayen da kowace riga ta tsohon tsari ke da shi: have_posts() ya tambaya ko akwai sauran rubutu, the_post() ya ɗauko na gaba, sannan the_title() da the_content() su buga shi. Daga nan ya yanke saman shafin zuwa header.php, ƙasan zuwa footer.php. Ya manta wp_head() da wp_footer(), sai ya ga baƙin layin nan na mai gudanarwa ya ɓace, CSS ɗinsa ma bai hau ba. Ta waɗannan ƙofofi biyu ne WordPress da duk wani fulogin, wato ƙaramar manhajar da ake ƙara masa don wani aiki, ke shigar da kayansu cikin shafi. Shi kuma style.css ta functions.php ake kiransa da wp_enqueue_style, a ba shi lambar sigar riga, don in an gyara shi burauzar mai karatu ta san ta sauko da sabo maimakon tsohon da ta ajiye.

Abin da ya fi buɗe masa ido shi ne jerin fifikon fayilolin zubi, wato fayilolin da ke tsara yadda kowane irin shafi zai fito. WordPress ba ya tambayar mai riga wane fayil zai yi amfani da shi, suna yake bi. In ana neman rubutu guda na nau'in farashi, zai nemi single-farashi.php. Bai samu ba, ya nemi single.php, sannan singular.php, a ƙarshe ya faɗa kan index.php. Jerin farashin kasuwa ɗaya kuma taxonomy-kasuwa.php, sai taxonomy.php, sai archive.php, sai index.php. Ma'ana mai koyo zai iya farawa da fayil ɗaya shafi ya yi aiki, ya riƙa ƙara na musamman a inda bukata ta taso kaɗai. Rigar da ya gama da ita ba ta wuce 'yan fayiloli da za ka karance a zama ɗaya ba, kuma single-farashi.php ne ya ci mafi yawan lokacinsa.

Ranar da farashi ya ɓace

Tun WordPress 3.0 a 2010 ake iya ƙirƙirar nau'in rubutu na musamman cikin sauƙi. Yaron ya yi wanda ya kira farashi da register_post_type, ya yi rukunin kasuwa da register_taxonomy, ya kuma yi wa taubashiyarsa fom: gaban kowane hatsi akwai gurbin ma'auni da gurbin kuɗi. Gurbin kuɗin lamba zalla yake karɓa, ba waƙafi, ba alamar naira, ba "dubu kaza da 'yan kai". Adon lambar aikin riga ne a lokacin nunawa. Wannan shawara ce mai kyau ƙwarai, domin abin da aka ajiye a matsayin lamba ne kaɗai za a iya kwatantawa da na bara.

Sai dai duk wannan a cikin functions.php na rigar ya rubuta shi, kamar yadda darussan bidiyo da yawa ke nunawa. Wata rana yana neman gano tushen wata matsala, ya koma ɗaya daga cikin rigunan da WordPress ke zuwa da su, sai sashen Farashi ya ɓace daga allon gudanarwa gaba ɗaya, tare da duk abin da aka shigar na gwaji. Ya kira ni muryarsa na rawa. Babu abin da ya goge, alƙaluman na nan zaune a rumbu, WordPress ne ya daina sanin akwai irin wannan nau'in rubutu tunda fayil ɗin da ke gaya masa ya tafi da rigar.

A ganina wannan ne darasin da ya fi kowanne tsada a aikin. Duk abin da ya kamata ya rage in an canza riga, ba wurin riga ba ne. Nau'in rubutu, rukuni, gurabun fom, tsarin adireshi, duk na fulogin ne. Ya buɗe folda a wp-content/plugins, fayil ɗaya na PHP mai ɗan kai a sama, ya kwashe kod ɗin can. Ba wani aiki ba ne mai yawa, amma shi ne ya raba dukiyar Alhaji da ɗinkin ɗan ƙanwarsa. Gobe in wani ya zo ya yi sabuwar riga, farashin shekaru na nan yana jiransa. Masu tantance riguna a WordPress.org ma ba sa karɓar rigar da ta yi rajistar nau'in rubutu a cikinta, saboda wannan dalilin.

Bayan kwashewar, duk mahaɗar farashi ta riƙa ba da 404, wato saƙon ba a samu shafin ba. Maganin ya shiga saitin Permalinks ya danna maɓallin ajiyewa ba tare da ya canza komai ba, WordPress ya sake lissafin hanyoyinsa.

Wata ƙaramar matsala da ta ci masa yini: ranar da kasuwanni biyu suka ci tare, kwanan wata ya fito a kan na farko, na biyu babu. Haka the_date() yake, sau ɗaya yake buga rana in rubuce-rubuce sun haɗa kwanan wata. get_the_date() ne ke bayarwa kowane lokaci. A shafin da kuskuren rana kan iya sa mutum ya ɗauko mota daga Daura da lissafin wancan makon, wannan ba abin wasa ba ne. Ya kuma mayar da agogon shafin kan Lagos, tunda mu muna gaban UTC da awa ɗaya, sannan ya rubuta sunayen ranaku da watanni da Hausa da kansa. Dillali da rana yake sanin kasuwa, Lahadi ko Laraba, kafin ya duba lamba.

Haruffa masu ƙugiya

Nan ne aikin ya bambanta da duk abin da zai samu a darasin da aka yi don wasu mutane. Ya zaɓi wani salon haruffa mai kauri don kanun shafi, ya rubuta "Farashin gyaɗa da riɗi". Duk haruffan suka fito da kauri, ɗ ɗin kaɗai ta fito siririya kamar baƙuwa. Salon ba shi da ita, sai burauza ta aro daga wani. A tsarin Unicode, ƙ da ƴ da manyan Ɓ, Ɗ, Ƙ suna wani sashe, ƙananan ɓ da ɗ kuma suna sashen haruffan masana furuci, shi ya sa za ka tarar da salon da ke da ƙ amma ba shi da ɗ. Alamar naira, ₦, ita ma ba kowane salo ke da ita ba. Noto Sans na Google da Andika da Charis na SIL suna da haruffanmu. Yaron ya rubuta layin gwaji mai ɗauke da dukkansu, manya da ƙanana, ya riƙa liƙa shi a duk salon da ya burge shi kafin ya yarda da shi. A ƙarshe ma bai ɗora ko ɗaya ba, ya bar kowace waya ta yi amfani da haruffan da ta zo da su, bayan ya gwada a wayoyin mutanen gida da na wasu dillalai ya ga ƙugiyoyin na fita daidai. Fayil ɗin haruffa kaya ne da mai karatu zai sauke da datarsa.

Sai adireshi. WordPress daga kan rubutu yake ƙera adireshinsa, kuma ya san yadda zai sauƙaƙa haruffan Faransanci da Jamusanci, amma ɗ ya bar ta yadda take. Da aka kwafi mahaɗar aka liƙa a WhatsApp, gyaɗa ta zama gya%c9%97a. Tana aiki, amma mutumin da aka sha gargaɗinsa kan mahaɗan 'yan damfara ba zai so danna ta ba. Yaron ya rataya ɗan kod a kan matatar sanitize_title da ke mayar da ƙ zuwa k, ɗ zuwa d, ɓ zuwa b a cikin adireshi kawai, kan rubutun na nan da ƙugiyarsa. A fulogin ya sa shi, wannan karon ba sai an gaya masa ba.

Akwai kuma wadda ba kowa zai lura da ita ba. WordPress na lanƙwasa alamomin zance don ado, sai ya ɗauki alamar da ke farkon 'yan kasuwa a matsayin buɗe zance, ya juya ta baibai. Ana kashe wannan da matatar run_wptexturize.

Akwatin bincike kuwa cire shi aka yi. Wanda ya rubuta gyada ba zai samu gyaɗa ba, domin a wurin rumbun bayanai d da ɗ haruffa biyu ne daban, kamar yadda suke a gaskiya, alhali mafi yawan mutane ba su da ƙugiya a madannan wayarsu. Ana iya gyara wannan da kod, amma taubashiyarsa ce ta kashe maganar, ta ce ita ba ta taɓa ganin dillali na buga rubutu a tsakiyar ciniki ba. Aka jera sunayen kasuwanni da na hatsi a matsayin manyan maɓallai da babban yatsa zai iya dannawa.

Nauyi

Tunda babu hotuna masu juyawa, rigar ba ta buƙaci JavaScript ko layi ɗaya ba a ɓangaren mai karatu. CSS ɗin daga ƙaramar fuskar waya ya fara rubuta shi, sannan ya ƙara 'yan layuka don kwamfuta. Hoto ne kaɗai ya rage, domin Alhaji na son a riƙa sa hoton buhuna daga kasuwa, hoton waya kuma kan kai megabait da yawa. WordPress ya daɗe da tanadin wannan: tun siga ta 4.4 yake ba burauza zaɓin girman hoton da ya dace da fuska, tun 5.3 yake rage duk hoton da ya wuce fiksel 2560, tun 5.5 kuma hoto ba ya sauka sai an kusa isa wurinsa. Amma riga ce ke buɗe wa wannan hanya, in ta kira hoto da the_post_thumbnail maimakon rubuta adireshinsa da hannu. Hoton a ƙasan tebur aka sa shi. Wanda sabis ɗinsa ya yanke a tsakiya ya riga ya ga abin da ya kawo shi.

Ɗan akwatin da WhatsApp ke nunawa in an liƙa mahaɗa, mai kai da taƙaitaccen bayani, daga alamomin Open Graph yake ɗaukowa, WordPress kuma ba ya sa su da kansa. Suka shiga fulogin su ma, ta yadda sunan kasuwa da rana ke bayyana tun kafin a danna.

Tsohon tsari ko na bulo

Wani abokin karatunsa ya ce masa ɓata lokaci yake, duniya ta koma riguna masu tsarin bulo, inda ake jera sassan shafi ɗaya bayan ɗaya kamar bulon gini. Maganar na da ƙamshin gaskiya. Editan bulo ya shigo da WordPress 5.0 a Disamban 2018, fayil ɗin theme.json ya zo da 5.8 a 2021, sannan 5.9 a Janairun 2022 ya kawo Twenty Twenty-Two, rigar farko daga masu WordPress da aka gina kacokan da bulo. A wannan tsari fayilolin zubi HTML ne a cikin foldar templates, ana gyara sama da ƙasan shafi da linzami, har akwai fulogin Create Block Theme da ke fitar da abin da ka tsara ya zama riga. Wanda bai san PHP ba, kuma shafinsa rubutu ne da hotuna, ta nan ya kamata ya fara yau.

Shafin Alhaji kuwa lambobi ne daga gurabu, ana lissafi a kansu, a nuna wanda ya hau da wanda ya sauka idan aka kwatanta da cin kasuwar baya. Layuka kaɗan na PHP ne ke yin wannan. Sannan 'yancin gyara komai da linzami, wanda shi ne abin alfaharin tsarin bulo, a nan abin gudu ne. Wadda ke shigar da farashi a waya take yi, cikin sauri, wani lokaci tana amsa kiran dillali. Ba a so yatsanta ya kuskure ya ture saman shafi. Abin da ya ara daga sabon tsarin shi ne theme.json, wanda ke aiki a tsohuwar riga ma. Da shi ya taƙaita launukan edita zuwa 'yan kaɗan ya rufe zaɓin launi na son rai, domin a tsohon shafin akwai sanarwar da aka rubuta da ja da rawaya da shuɗi a layi ɗaya. Ta ce mugunta ce irin ta taubashi. Wataƙila akwai wannan ma a ciki.

Hawa sabar

Canza riga kaɗai ba ya wanke shafin da aka riga aka shiga. Kafin ya ɗora tasa, ya ɗauki kwafin komai ya ajiye, ya goge tsohuwar rigar daga sabar gaba ɗaya, ya sake girka fayilolin WordPress sababbi, ya canza duk kalmomin sirri. A jerin masu gudanarwa ya tarar da wani suna da ba wanda ya sani a gidan, ya cire shi.

Da ya ɗora rigar, komai ya fito ban da teburin farashi, kuma babu saƙon kuskure ko ɗaya. Fayil ɗin ya sa masa suna Tebur.php da babban baƙi, a kod kuma ya kira shi da ƙarami. Windows ba ta damu da bambancin ba, sabar Linux ta damu, shi kuma get_template_part in bai samu fayil ba shiru yake yi ya wuce. Ya gyara sunan, tebur ya fito. Ya kashe WP_DEBUG da ya bari a kunne lokacin gini, don kada saƙon kuskure ya riƙa nuna wa baƙi hanyoyin cikin sabar, ya kuma bi duk inda ake buga abin da aka shigar ta fom ya tabbatar ya ratsa esc_html, wanda ke hana a cusa kod ta cikin rubutu.

Taubashiyarsa ta samu matsayin edita: tana wallafawa tana gyarawa, ba ta iya taɓa riga ko fulogin. Matsayin mai gudanarwa na hannun yaron, amma an rubuta kalmar sirrin a takarda tana cikin durowar Alhaji, tare da ranar da kuɗin sunan shafi da na hayar sabar ke ƙarewa. Sunan shafin ma an mayar da rajistarsa kan imel ɗin Alhaji, domin da a kan na wanda ya fara aikin take, kuma karɓo ta ya ɗauki rarrashi fiye da duk rubutun kod ɗin.

Inda aka tsaya

Yanzu farashi na fita a shafi, mahaɗa ce ke zuwa zaurukan WhatsApp. Tambayar bara war haka ta fara samun amsa, gwargwadon yadda 'yar Alhaji ke kwashe tsoffin saƙonni tana shigarwa a ranakun da ba kasuwa. Dattawan dillalai da dama har yanzu kiran waya suke yi, Alhaji kuma bai nuna yana son su daina ba.

Abin da yaron ya fi ɗoki a kai, shafin da zai jera farashin hatsi ɗaya a duk kasuwanni gefe da gefe, ya rubuta shi amma ba a kunna ba. Wani dillalin da tiya yake ba da farashi, wani da buhu, buhun ma ba cika ɗaya ba ne daga wannan kasuwa zuwa waccan, tiyar kuma akwai mai tozo akwai shafaffiya. Yaron ya kawo shawarar a mayar da komai kilo a cikin kod. Alhaji ya ƙi, ya ce ba zai buga lambar da ba dillalinsa ne ya faɗa masa ba, in aka samu saɓani shi za a kira ba kwamfuta ba. Don haka kowane layi na tebur na fita da ma'aunin da aka faɗa, ƙarƙashin sunan kasuwar da aka faɗe shi. Sun yi magana za a sayi sikeli a kai wa dillalai biyu su fara auna buhu bayan kaka, in abin ya yiwu a ƙara gurbin nauyi a fom ɗin.